A Daina Ɗora wa Aljanu Laifin Ɓatan Soja

Yau kam da ɓacin rai na ɗauki biro, saboda haka duk wadda ta ji maganata ta yi zafi, to ta yi mini uzuri.

A wani gidan suna abin ya faru. An ci an sha, an baje ana hirar duniya, sai zance ya gangaro kan wata yarinya 'yar unguwarmu. Mijinta soja ne, an tura su daji yau shekara biyu da 'yan watanni, tun daga ranar shiru kake ji. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. Sai wata dattijuwa ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce ai wannan dajin kowa ya san garin mutanen ɓoye ne, mota guda ta sojoji takan shiga ta ɓace ɓat, ko taya ba za a gani ba. Kafin ta rufe baki wata ta cafe, wai ai ko a ƙasar Turawa an yi, gajimare ne ya sauko ya kwashe bataliya guda ya yi sama da ita, ita a waya ta gani. Wata kuma ta ce a Masar ma ƙasa ta taɓa haɗiye soja dubu hamsin lokaci guda. Aka yi ta salati ana tafa hannu, hira ta yi daɗi.

Ita kuwa yarinyar tana zaune a gefe da goyonta, ba ta ce uffan ba. Abin da masu hirar ba su sani ba, ni na sani, shi ne ta riga ta sayar da keken ɗinkinta da 'yan kunnenta na zinare ta kai wa wani boka, wanda ya ce mata wata aljana ce ta ga mijin ta ƙyasa, ta aure shi, kuma ba za ta sake shi ba sai an yanka baƙin bunsuru an yi turare na kwana arba'in. An yi arba'in ɗin har sau uku.

Kada wata ta ce na musa samuwar aljanu. Ban musa ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. Abin da na ƙi shi ne mu mayar da su jakin da ake ɗora wa kowane kaya, alhali mai kayan yana tsaye a gefe yana dariya. Tun da dai da labaran nan biyu aka kafa hujja a gidan sunan, to bari mu kwance su mu ga abin da ke ciki, don kowannensu yana da asali a tarihi, ba ƙirƙirar su matan suka yi ba.

Mu fara da na Masar. A shekara ta 525 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sarkin Farisa mai suna Kambisis ya ci ƙasar Masar da yaƙi. Da ya isa birnin Tibis, inda garin Luksor yake a yau, sai ya ware runduna ya tura ta yamma cikin hamada, ta je wani dausayi da ake kira Siwa ta kame mutanen wurin bayi, ta ƙone ɗakin tsafinsu. Wanda ya ba mu labarin wani Bagirke ne marubucin tarihi, Hirodotas. Shi ya ce mutum dubu 50 ne. Ya ce sun yi kwana bakwai a rairayi suka isa wani garin dausayi, wanda masana suke ganin Karga ne, daga nan suka ƙara gaba, ba a sake ganinsu ba. Siwa ba su je ba, Masar ba su dawo ba. Sai ya ƙara da cewa mutanen Siwa suna faɗin wai rundunar ta kai tsakiyar hanya, ta zauna cin abinci, sai iska mai ƙarfi ta taso daga kudu ta binne su da yashi gaba ɗaya.

To 'yar uwa, ki lura da abu biyu. Shi Hirodotas ɗin sai bayan kusan shekara 40 da faruwar abin aka haife shi, wato shi ma “an ce” ya rubuta. Sannan su wa suka ce? Mutanen da aka taso a kama bayi. Ke kanki kin sani, idan ɓarawo ya nufo gidan boka ya faɗa rijiya a hanya, gobe da safe bokan zai ce aikinsa ne.

Yanzu ki ajiye littafi, ki yi lissafin da kika saba yi kullum a tsakar gida. Namijin da yake tafiya a ƙasa cikin rana, ga garkuwa ga mashi ga guzuri a ka, ko kin tsuke hannu kin ba shi lita biyar a yini, ai kin cuce shi. To mutum dubu 50 sau lita biyar, lita dubu 250 ke nan. Da jarkar nan tamu ta 'yan garuwa mai lita 25, jarka dubu goma kullum ta Allah, ban da na dabbobin da za su ɗauki ruwan, don su ma sai sun sha. Kuma a salka za a zuba, wadda take tsatsa tana tafiya. Wace rijiya ce a hamada za ta shayar da wannan taro? Rijiyar da ayarin raƙuma talatin suke sha su jira ta sake tarawa? Ko dai adadin an zuzuta shi, kamar yadda marubutan da suka saba, ko kuwa wanda ya tura su ya tura su ne kabari da idonsa buɗe. Kuma halinsa ne. Shi dai wannan Hirodotas ya ba da labarin cewa a daidai lokacin Kambisis da kansa ya ja sauran rundunar ya yi kudu zai yaƙi mutanen Habasha ba tare da tanadin abinci ba, guzuri ya ƙare, suka cinye dabbobin dakonsu, suka koma cin ciyawa, da suka shiga rairayi har ta kai ana ƙuri'a cikin kowane mutum goma a yanka ɗaya a ci. Mutumin da ya yi wa rundunar da yake cikinta haka, me zai hana shi yi wa wadda ya tura nesa? Ina aljani a nan?

An daɗe ana neman ƙasusuwan mutanen nan. A 2009 wasu 'yan Italiya wa da ƙane, 'yan gidan Kastiliyoni, suka shelanta wa duniya cewa sun gano kawunan kibau da kayan ado da ƙasusuwa kusa da Siwa, amma hukumar kayan tarihi ta Masar ta ce ba ta yarda da zancensu ba. Wanda ya fi kama hankalina shi ne bayanin wani masani ɗan ƙasar Holan, Olaf Kaper na jami'ar Laidin, a 2014. Yana cikin masu tono a wani tsohon kango da ake kira Amhida a dausayin Dakla, sai aka ci karo da duwatsun gini ɗauke da sunan wani Bamisre, Fetubastis, wanda ya yi wa Farisawa tawaye har ya naɗa kansa Fir'auna. Sai Kaper ya ce, a ganinsa rundunar nan wannan ɗan tawayen aka tura ta murƙushe, shi kuwa ya san dajinsa, ya yi musu kwanton ɓauna ya gama da su. Kambisis ya mutu a 522, Dariyus ya hau gado, ya zo ya kashe wutar tawayen, to sai aka ga gara a ce iska ce ta cinye runduna da a ce talakawan da aka ci da yaƙi ne suka karkashe ta. Ra'ayin masani ne, ana iya ja da shi. Amma ki gaya mini, wanne ya fi shiga hankali, guguwar da ta binne dubban maza ba wanda ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ko kuwa sarkin da ya ji kunya ya nemi abin fakewa? Mu da muke shan hazo da guguwar farkon damina duk shekara, mun san tana makantar da mutum, tana ɓatar da hanya, tana cike rijiya. Wannan kaɗai ya isa ya kashe matafiyi, ba sai ta binne shi ba.

Shi kuwa na gajimaren, wallahi shi ya fi ba ni haushi, don an san ƙarshensa tun kakanninmu suna yara, amma har yau ana yawo da shi.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya ne, a wani yanki na ƙasar Turkiyya da ake kira Galifoli. Ranar 12 ga Agusta 1915 aka umarci wata bataliyar Ingila ta mutanen yankin Nofok da ta kai hari. A cikinsu akwai barorin gandun Sarki Joji na Biyar, masu aikin lambu da kiwo da gadin daji, ƙarƙashin wakilin gandun, Kyaftin Frank Beck. Kwana biyu kacal da saukarsu daga jirgin ruwa, ba su taɓa ganin yaƙi ba, ba su san wurin ba, ga zafi ga ƙishirwa. Aka tura su da rana tsaka cikin ƙurmi da gonaki, ana ruwan harsashi, busasshiyar ciyawa ta kama wuta, hayaƙi ya turnuƙe. Kanar ɗinsu ya yi ta kutsawa gaba da mutanensa har suka yi wa sauran rundunar nisa. Babban kwamandan yaƙin, Janar Ian Hamilton, shi ya rubuta wa gwamnati cewa kanar ɗin da hafsoshi 16 da dakaru 250 sun shiga kurmi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, ya kira abin da al'amari mai ban mamaki. Ki ji fa. Mutumin da yaƙin yake hannunsa, shi ne farkon wanda ya ce abin mamaki ne. Sarki da kansa ya yi ta aikawa yana tambayar ina mutanensa.

Da yaƙi ya ƙare, a 1919, masu tattara gawarwakin soja suka shiga wurin. A kewayen wata gona can bayan inda Turkawa suka ja daga, suka tarar da gawa 180, kuma 122 daga ciki 'yan bataliyar Nofok ne. Wato sun wuce layin abokan gaba, aka zagaye su, aka harbe su. Wasu kaɗan an kama su fursuna. Aka kwashe gawarwakin aka binne a maƙabartar Azmak, tana nan har gobe. Shi ke nan fa, magana ta ƙare.

To ina gajimare ya fito? Sai a 1965, shekara 50 cif bayan yaƙin, wani tsohon soja ɗan Niyu Zilan mai suna Frederick Reichardt da abokansa biyu suka sa hannu a takarda cewa wai sun ga wani gajimare mai siffar burodi ya sauka ƙasa, sojoji suka yi ta shiga cikinsa, ya tashi da su. Ranar da suka faɗa ba ita ba ce, lambar bataliyar da suka faɗa ma ba ita ba ce. Amma da yake labarin yana da daɗi a kunne, shi ne ya zagaye duniya ya zo har gidan suna a unguwarmu, su kuwa gawarwaki 122 ba mai maganarsu. Ai dama ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya, sai dai furen nan nata ya fi shekara 50 bai bushe ba.

Idan kina son ki ga yadda daji yake cin mutum a zahiri, ba tare da ƙarin gishiri ba, ga wani. Ranar 4 ga Afrilu 1943 wani jirgin yaƙin Amurka mai suna Lady Be Good ya tashi daga kusa da Bangazi a Libiya zai kai hari Italiya, da mutum tara a ciki, kuma fitarsu ta farko ke nan. Bai dawo ba. Aka ɗauka teku ya faɗa, aka nema a can, aka haƙura. Ashe a hanyar dawowa cikin dare sun wuce sansaninsu ba su ankara ba, suka yi ta nausawa kudu har kimanin kilomita 700 cikin hamada, mai ya ƙare, suka diro da laima. Sai a 1958 masu neman man fetur suka hango jirgin daga sama. Da aka je, rediyonsa yana aiki, ga ruwa ga abinci a ciki. A 1960 aka gano gawarwakin takwas daga cikinsu, da ɗan littafin da mataimakin matuƙi ya riƙa rubuta abin da yake faruwa kullum. Ɗaya ya mutu tun wurin dira. Takwas suka haɗu, da gorar ruwa guda ɗaya tak, suka nufi arewa don suna zaton teku tana kusa. Sun yi tafiyar fiye da kilomita 120 a ƙasa, suna lasar ruwa da murfin gora, rana ta ƙone musu idanu, har ƙarfi ya ƙare. Jirgin da ke da ruwa da rediyo kuwa yana bayansu ta kudu, tafiyar da ba ta kai kilomita 30 ba daga inda suka sauka. Shekara 15 iyayensu da matansu ba su san komai ba. Da a gidan sunan nan ne, da tuni an aurar da su tara ɗin ga aljanu.

Kada ki ce duk na nesa na kawo. Mun ga irinsa a gida. Ranar 3 ga Satumba 2018 Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya taso daga Abuja zai tafi Bauchi, ya ɓace a hanya wajen Jos. Bincike ya kai sojoji bakin wani kududdufi, tsohon ramin haƙar kuza a Dura-Du. Da aka ce za a janye ruwan, sai aka fito ana cewa ruwan nan ba a taɓa shi, in aka taɓa za a yi ta mutuwa. Ba a saurara ba, aka kafa injin aka yi ta zuƙa. Ranar 29 ga watan aka jawo motarsa, aka kuma sami wasu motocin a ciki. Ranar 31 ga Oktoba aka ciro gawarsa daga wata tsohuwar rijiya. Da an ji tsoron camfin nan an juya, da yau iyalansa suna nan suna jiran tsammanin warabbuka. Sai dai kuma shi janar ne, shi ya sa aka kwashe makonni ana janye ruwa. Ina ma a ce kurtu ma yana samun rabin wannan neman.

Soja yakan ɓace don ya ɓata hanya ƙishirwa ta kashe shi. Yakan ɓace don an yi musu kwanton ɓauna, waɗanda suka tsira suka gudu ba su iya ɗaukar gawa ba, kura da ungulu da damina suka yi sauran aikin. Yakan faɗa hannun abokan gaba ya yi shekaru a tsare. Wani kuma, gaskiya ɗaya ce ko da ɗaci, tsoro ko yunwa ko rashin kayan faɗa kan sa ya tuɓe kaki ya tsallaka iyaka, kunya da tsoron hukunci su hana shi waiwayo, har ya yi wani auren a can. Kowanne daga cikin waɗannan yana da wanda za a riƙe a tambaya. Wa ya ba da umarnin tafiyar? Su nawa suka fita, su nawa suka dawo? Waɗanda suka dawo me suka gani? An koma an duba wurin? Amma da zarar kin ce aljanu ne, kin yafe wa kowa. Aljani ba shi da ofis, ba a kai masa takarda, ba a kai shi gaban alƙali. Shi ya sa labarin yake yi wa manya daɗi tun zamanin Dariyus, shi ya sa yake yi wa boka daɗi, mu kuma mata muna tallata musu shi kyauta a gidajen biki.

Kuma mu ne yake cutarwa. Matar da mijinta ya ɓace ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba, ita ba mai takaba ba. Ba gado, ba ta'aziyya, dangin miji kowa ya zame, samari kuma suna kallonta da wata manufa. Alhali shari'a ba ta bar ta a rataye ba. Ko a Risala da muka karanta a makarantar Islamiyya akwai hukuncin matar wanda ya ɓace: ta kai maganarta gaban hukuma, a bincika, in ba a same shi ba a yanka mata wa'adin shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, ta yi aurenta in ta so. Wanda ya ɓace a fagen fama kuwa malamai sun ba shi nasa hukuncin daban, wa'adinsa bai kai haka ba, kuma in babu abin da za ta ci tana da wata ƙofar, duk alƙali zai warware mata. Abin da nake so ki riƙe shi ne, lissafin ba ya farawa daga ranar da mijin ya fita, sai an kai ƙara tukuna. Duk watannin da aka ɓata ana turare ana yanka bunsuru, ko kwana ɗaya ba ya shiga ciki. Yarinyar nan shekara biyu ta zubar a ƙofar boka.

Na san wata za ta ce, haba Hajiya, ai zancen aljanun ma rahama ne, yana sa ta riƙa sa rai yana raye. To na ji. Amma sa ran da yake cin keken ɗinki, ya ci 'yan kunne, ya bar goyo ba koko, ni ban ga rahamarsa ba. In yana raye a tsare, surutun matarsa da danginsa a ƙofar ofis shi zai sa a tuna da shi. In kuma ya riga mu gidan gaskiya, ai yana da haƙƙin a yi masa addu'a da sunan mamaci, 'ya'yansa su sami abin da ya bari.

Bayan an watse daga sunan na bi ta har ɗakinta. Na ce ta nemo lambarsa ta aiki, da takardar aurensu, da hotonsa na kaki, ta tuno ranar da suka yi magana ta ƙarshe da sunan garin da ya ce mata suna ciki, a rubuta duka. Na ce ta nemi matan abokan tafiyarsa, don ba shi kaɗai ya fita ba, kuma ƙafa goma ta fi ƙafa biyu nauyi a bakin ofis. Duk takardar da za ta miƙa ta yi biyu, a buga mata hatimi a ɗaya ta riƙe, don ta gaya mini sau uku tana zuwa ana ce mata ta dawo wani makon, kuma ba ta da ko ƙyallen shaidar cewa ta je. Kawunta ya yarda zai raka ta ranar Litinin, daga can su wuce wurin alƙali.

Keken ɗinkin kam ya tafi. Bokan ma da aka leƙa, an ce ya tashi daga unguwar tun kafin azumi.